Ƙafar Baya Mai Waya Arba'in

Ranar da aka binne babanku, wani dattijo ya miƙe a coci ya ce ba a taɓa yin mai gyaran ƙafar keke kamar Malam Ishaya ba a duk ƙasar Kafanchan. Na ga kuna gyaɗa kai, ke Hannatu har da share hawaye. Ni kuwa ina zaune a gaba, baƙin ciki ya cika mini zuciya, amma sai da na danne dariya. Babanku mutumin kirki ne, na ƙaunace shi, har gobe ina kewarsa, amma ko noti ka ba shi ya ɗaura sai ya tambaye ka ta wane gefe ake juyawa. Baƙar ƙafar keken nan da ke rataye a ɗakina, wadda kuke nuna wa jikokina kuna cewa aikin hannun kakansu ne, ni Rifkatu na haɗa ta. Na yi shiru shekaru masu yawa. Yanzu idona ya fara raguwa, gara in rubuta tun ina ganin layin takarda.

A shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, kwamitin ikilisiyoyin yankinmu ya ɗauki babanku aikin zagaye. Aikin shi ne ya bi ƙananan majami'u na ƙauyuka, daga gindin duwatsun Kagoro har bayan Manchok, ya kai musu littattafan waƙa da na koyon karatu, da alli, da ɗan maganin zazzaɓi da na ciwon ido, ya kuma zauna da masu koya wa manya karatu ya ga yadda suke yi. Kayan duka suna cikin wani akwatin ƙarfe wanda sai mutum biyu ke ɗora shi a kariyar keke. Aikin ya zo da ɗaki biyu a bayan coci a cikin gari, kuma albarkacin ɗakunan nan ne Hannatu ta shiga makaranta. A ƙauyenmu makaranta tana hayin rafi, kuma da damina ba mai barin 'yarsa ta ƙetare. Saboda haka in aikin ya tafi, ɗakunan sun tafi, karatun Hannatu ya bi su. Muna zaune da kakarku, Mama Asabe, mahaifiyar babanku, mace mai ƙoƙari da kaifin baki, wadda ta san yadda ya kamata a yi komai a duniya, har abin da ba ta taɓa gani ba.

Babanku yana son kekensa kamar me. Kowace Asabar sai ya tura shi rafi ya wanke shi tas, ya goge ƙarafan har suna ɗaukar ido, don ranar Lahadi ya jingine shi a gaban coci. Da farkon damina ya faɗa wani kwazazzabo, ƙafar baya ta lanƙwashe. Ya kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa, mutumin ya cire tsohon rim, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, ya sa masa sabo fil mai walƙiya. Babanku ya dawo yana washe baki. Daga ranar muka shiga uku. In ya ɗora akwati ya kama hanya, kafin ya kai ƙauye na biyu sai ya ji ɗas, ɗaya daga cikin wayoyin ƙafar ta tsinke, sai wata ta bi ta, ƙafar ta fara rawa tana gugar birki. Sau uku a daminar nan yana dawowa gida a ƙasa, yana tura keke, taɓo har gwiwa. Kullum ya koma wa mai gyaran, shi kuma ya sa sabuwar waya, ya bi duk wadda ta yi sako-sako ya ɗaure ta tamau, ya ce hanyar ce ba kyau. A can ƙauyuka kuwa mutane sun bar gona, sun share coci, wasu har sun yanka kaza, su zauna jira har rana ta faɗi ba Malam ba labarinsa.

Wata Talata shugaban kwamitin, Dattijo Bulus, ya zo gida da kansa. Ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar Mama, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi ba kwana-kwana. Zagayen ƙarshen damina zai fara ranar Litinin mai zuwa, ƙauye tara cikin kwana goma sha biyu.

"Malam, mutane sun fara cewa kana raina su ne," in ji shi. "Ni na san ba haka ba ne. Amma in ka fasa ko ƙauye ɗaya a wannan karo, komiti zai ba wani. Ba zan iya tare maka kuma ba."

Bayan ya tafi babanku ya zauna a bakin ƙofa ya yi tagumi. Mama ta ce hannun maƙiya ne, a kira fasto ya yi wa keken addu'a. Ni tsoro ya kama ni sosai, har abinci ya ƙi shiga.

Washegari ina tankaɗen acca a tsakar gida, keken yana kife kusa da ni, ƙafafu sama. Haka kawai na miƙa yatsa na bi wayoyin ƙafar baya ina kaɗa su. Wata ta yi ƙara siririya, wata ta yi ƙasa-ƙasa, wata ko sauti babu. Nan take na tuna da babana. Ba ku san shi ba, ya rasu kafin a haife ku. Shi ke haɗa gangunan coci a ƙauyenmu, kuma tun ina yarinya ni ke riƙe masa igiya. Ba ya taɓa jan igiya ɗaya har ƙarshe. Ya ja nan kaɗan, ya juya gangar ya ja ta ɗaya gefen kaɗan, ya buga ya saurara, haka har ya zagaye. Yakan ce in igiya ɗaya ta fi sauran ɗauri, ita za ta fara tsinkewa, kuma fatar za ta bi ta. Na ajiye faifai na duƙa na duba cibiyar ƙafar, inda wayoyin ke fitowa. Sai na ga huji babu waya a ciki. Na ƙirga, huji takwas a wofi. Na ƙirga na rim, talatin da biyu. Na sake ƙirga na cibiya, arba'in.

Na gaya wa babanku. Ya leƙa, ya ce ai mai gyara ya san aikinsa, wataƙila na ajiya ne aka yi su, in wani ya lalace. Da ya fita zuwa ofishin coci, na roƙi wani maƙwabci ya kwance mini ƙafar, na yi gammo na ɗora ta a ka, na ratsa ta tsakiyar kasuwa zuwa unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa. Matar Malam da ƙafar keke a ka kamar mai tallan gyaɗa. Kafin in isa inda za ni, labari ya riga ya isa gidanmu.

Wanda na nufa shi ne Baba Akpan, wani tsoho mutumin kudu da ya yi aikin fita, wato makanike, a shagon gyaran jirgi har ya yi ritaya, ya ƙi komawa garinsu. Muna coci ɗaya da shi. Na same shi a barandarsa, ya karɓi ƙafar, ya juya ta sau ɗaya, ya yi tsaki.

"Madam, wa ya yi wannan? Wannan rim na gaba ne. Gaba talatin da biyu, baya arba'in. Mutum yana zauna a baya, kaya yana zauna a baya. Ya cire waya takwas, ya ce sauran su ɗauki Malam da akwati? Ko jaki ba zai yarda ba."

Ya ce a lokacin rim na baya ya yi wuya a gari, shi ya sa masu gyara ke cusa na gaba, su tsallake huji, tunda mai keke walƙiya kawai yake dubawa. Ya shiga ɗaki ya daɗe yana buruntu, ya fito da wani rim na tsohon kekensa, baƙi ƙirin da fenti, mai nauyi, mummuna, amma ba tsatsa ko kaɗan a cikinsa, huji arba'in cif. Na yi murna, na ce to ya haɗa mana. Sai ya ɗago hannayensa ya nuna mini. Suna karkarwa, ko kofin shayi da kyar yake riƙewa.

"Hannu na ya mutu, Madam. Ido yana nan. Ki kawo hannu, ni in kawo ido."

A nan ne zancen ya yi mini nauyi. A makon nan ne zumuntar mata za su tafi babban taron shekara a Kwoi, daga Alhamis zuwa Lahadi, kuma ni aka zaɓa in ja waƙa in buga tulu a gaban matan yankin duka. Wata uku muna koyo. Na ɗinka sabon zane, na yi kitso. Ku da kuka san ni da tsufa ba za ku yarda ba, amma muryata a lokacin takan sa coci ya yi tsit. Kwana huɗun taron su ne kwana huɗun da suka rage kafin Litinin. Na tsaya a barandar Baba Akpan da baƙin rim a hannu, na ji kamar in yi kuka. Daga nan na wuce gidan shugabar zumunta na ce mata ba zan je ba. Ta tambaye ni ko rashin lafiya ne, na ce a'a, keke zan gyara. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ba ta nufin haka. Aka ba wata ta ja waƙar, ta ja ta da kyau, kuma ba a sake mayar mini da wurin ba har na tsufa. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

A gida na tarar da Mama a tsaye, hannu a ƙugu.

"Mace ya bar aikin Allah ya zauna yana gyaran keke? A gidan ɗana? Gobe kuma sai ka sa wando."

Haka Mama ke magana, namiji da mace duk ka ne a bakinta, don Hausa ba harshenta na gida ba ne, kamar yadda ba nawa ba ne. Babanku shi ba wannan ne ya dame shi ba. Da ya ga rim ɗin sai fuskarsa ta canja, ya ce yaya zai shiga ƙauye a gaban ikilisiya da ƙafa baƙa kamar ta mai sayar da gawayi.

"Baban Hannatu," na ce masa, "ba ƙafar keke suke jira ba, kai suke jira. Mai walƙiyar sau uku tana dawo da kai a ƙasa."

Sai ya ce in yi abin da na ga dama, ya fita. Da yamma ya dawo da wayoyi arba'in sababbi, masu kauri, irin waɗanda Baba Akpan ya ce a nemo, ya ajiye mini a kan tabarma.

Ranar Alhamis da safe motar mata ta tashi daga gaban coci, ina jin waƙarsu har ta ɓace. Baba Akpan ya iso da sandarsa ya zauna a gindin mangwaron bayan ɗakinmu. Ya sa na ɗiga man keken ɗinki a bakin kowace waya, ya nuna mini yadda ake zura su, goma-goma, wasu ta ciki wasu ta waje, kowace ta haye 'yan'uwanta kafin ta kai rim. Wannan bai ba ni wuya ba, wadda ta taɓa saƙa kwando ta san hawa da sauka. Inda na yi ɓarna shi ne ɗauri. Ya ba ni wani ɗan makulli mai tsaga da ake juya kan waya da shi, ni kuma garin sauri da fushin da ke cina na kama gefe ɗaya na ɗaure shi sosai. Kafin azahar ƙafar ta karkace kamar faifan da ruwa ya daka. Mama ta zo wucewa da tsintsiya, ta tsaya ta ƙare mata kallo, ta ce ai ko mai gyaran kasuwa bai kai nan ba. Baba Akpan ya ce in kwance duka. Na kwance ina hawaye, yatsuna sun yi jawur.

Ranar Juma'a na zauna na ce wa kaina ganga ce. Na juya wannan waya rabin juyi, na tsallaka ta ɗaya gefen na juya rabin juyi, na zagaye, na sake zagayewa. Muka mayar da ƙafar jikin keken a kife, Baba Akpan ya riƙe alli daga akwatin babanku kusa da rim, ina juyawa, duk inda allin ya taɓa mun san nan ta kauce. Sai in sassauta ta wannan gefe kaɗan, in ɗaure ta wancan kaɗan. Shi da ido yake aiki. Ni kuwa bayan kowane zagaye sai in bi wayoyin da farce ina kaɗawa ina saurare, in ce masa wannan ta yi ƙasa, wannan ta yi sama. Da farko ya yi mini dariya. Da ya matsa su da hannu ya ga gaskiyata, sai ya daina dariya ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa sanin ƙafar keke tana waƙa ba. Ranar Asabar da la'asar allin ya daina taɓa ko'ina. Na bi wayoyin arba'in ɗaya bayan ɗaya, duk murya guda. Muka wanke ƙwallayen cibiya da kananzir, muka cika su da giris, muka naɗe cikin rim da tsohon ƙyalle don kada kan waya ya huda tif, robar iskar da ke cikin taya, muka sa taya muka ba ta iska.

Ranar Lahadi bayan sujada aka ɗora akwati, babanku ya hau ya zagaya filin coci sau biyar. Wayoyin suka ɗan yi ƙas-ƙas suna zama, na sake bin su da makulli. Sa'an nan na kafa masa doka kamar ɗan makaranta. Ba wanke keke a rafi, don ruwan yana shiga ta hujin waya ya kwanta a ciki ya ci ƙarfe, tsumma ya isa. In ya zo kwazazzabo ya sauka ya tura. Kowace safiya ya kaɗa wayoyin, in ya ji wadda ta yi ƙasa ya ba ta rubu'in juyi, kada ya ƙara. Na ɗaura masa waya biyu na ajiya a jikin keken. Ya saurara da kai a sunkuye, ya ce to, Malama.

Kwana goma sha biyun nan sun yi mini tsawo. Ruwa ya yi ta zuba kamar ba ƙarshen damina ba. Duk ƙarar da na ji a ƙofa sai in ce ga shi nan ya dawo yana turawa. Mata suka dawo daga Kwoi suna ba da labarin yadda waƙa ta yi daɗi, wasu suna tambayata da gangan ko keken ya samu sauƙi. A rana ta takwas wani mai sayen citta ya ce ya gan shi a ƙauye na shida, a kan keke. Ban yarda na yi murna ba tukuna. Ranar Juma'a ta biyu da yamma ina tuƙa tuwo na ji ƙararrawa tun daga kan kwana, ana ta kaɗa ta ba ƙaƙƙautawa. Na fito da muciya a hannu. Ga babanku a kan sirdi, ya yi baƙi ya rame, taɓo har wuya, kaji biyu na kyauta suna reto a kan akwati. Wayoyin ajiyar nan biyu suna nan inda na ɗaure su. Ƙauye tara, bai fasa ko ɗaya ba. Na yi guɗa a tsakar gidan coci, ban damu da wanda ya ji ba.

Ranar Lahadi 'yan kwamiti suka kewaye keken a gaban coci. Dattijo Bulus ya karanta takardun da shugabannin ƙauyukan suka sa wa hannu, ya ce aiki na Malam ne, magana ta ƙare. Sa'an nan ya ɗaga bayan keken ya juya ƙafar. Ta yi ta juyawa shiru, ba rawa, ba gugar birki, har mutane suka gaji da jira ta tsaya. Ya tambaya wane mai gyara ne ya yi wannan. Babanku ya dube ni, ya dubi mazan da ke kewaye da shi, ya ce, "A gida aka yi." Suka ɗauka shi ne, suka yi ta dukan kafaɗarsa. Daga nan labarin da kuka gada ya samo asali. Matan da suka gan ni da ƙafa a ka sun san gaskiya, amma ba wanda ya tambaye su. Na ji haushinsa kwana biyu. Ya ba ni haƙuri, ya ce kunya ce ta kama shi, na kuwa yafe masa, don ɗakunanmu suna nan kuma ranar Litinin Hannatu ta ɗauki allonta ta tafi makaranta.

Ba a yi mako biyu ba wani fasto daga wajen Zonkwa ya iso da ƙafar kekensa a hannu yana neman Malam. Babanku ya karɓa a ƙofa da fara'a, ya ce a dawo jibi, ya zagayo baya ya tsaya yana sosa ƙeya. Ina gaban murhu, tuwo ya fara kauri. Mama tana zaune tana kallonmu. Sai ta tashi, ta zo ta zare muciyar daga hannuna.

"Tashi ka je ka yi aikin ka," ta ce. "Tuwo kowa ya iya."

Daga ranar har ta bar duniya, duk ranar da ƙafar keke ta shigo gidan nan, Mama ce ke tuƙa tuwo. Fastoci, malaman makaranta, masu kai citta kasuwa, duk sun kawo, babanku yana karɓa ta gaba, ni ina haɗawa a gindin mangwaro lokacin da kuke makaranta. Baƙar ƙafar kuwa ta yi masa shekara goma sha ɗaya a hanya ba ta tsinke waya ko ɗaya ba, har kwamiti ya saya masa babur.

Makon jiya na sa aka sauko mini da ita daga bango. Na goge ƙura, na bi wayoyin da farce. Talatin da takwas suna nan da muryarsu, biyu sun yi ƙasa. Makullin Baba Akpan yana cikin gwangwanin allurata. Na ba kowace rubu'in juyi, suka dawo cikin 'yan'uwansu. In kun zo Kirsimeti ku kaɗa da kanku ku ji, sa'an nan ku gaya wa yaran nan aikin hannun wa ne.